Kafin Waya Ta Yi Ƙara: Shawarwari Ga Gidan Da Ke Da Mai Neman Aiki

A da, wanda ya nemi aiki yakan jira wasiƙa ta akwatin gidan waya, ko ya yi ta zarya yana leƙen allon sanarwa a ƙofar ma'aikata. Yau abin da ke fara zuwa shi ne kiran waya. Bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji irin waɗanda ke aiki a Maiduguri da Damaturu da Yola, kafin su gayyaci mutum intabiyu ido da ido, sai wani daga ofishin ɗaukar ma'aikata ya buga masa waya ta minti 10 ko 15, in ta yi tsawo rabin awa. Ba a ba da aiki a wannan kira. Rariya ce. Mai kiran yana da dogon jerin sunaye a gabansa, aikinsa ya tankaɗe su ya miƙa kaɗan ga manyansa. Abin da yake son ji ba shi da yawa: kai ne mai takardun nan? Ka san aikin da ka nema? In ka yi magana ana fahimta? Nawa kake so, kuma yaushe za ka fara?

Da gangan na sa gida a cikin maganar. Kiran nan a tsakar gida yake sauka, tsakanin kukan yara da ƙarar injin markaɗe. Na ga yaran da iyayensu suka sayar da gona suka yi musu karatu sun faɗi a wannan mataki, alhali ilimin yana nan, don kawai ba wanda ya gaya wa mutanen gida cewa su ma suna da aiki a cikin minti 15 ɗin. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma 'yan mata da matan aure, har da ku nake.

1. Lambar da ka rubuta a takardar bayaninka, wadda kowa ke kira sibi, ta zauna a hannunka. Kada ka sa lambar Baba ko ta Yaya, kada ka sa layin da ke cikin wayar da ƙannenka ke wasa da ita. Wani ɗan yayata ya yi wata bakwai yana cike takardu. Ranar da aka kira shi, wayarsa tana shagon mai caji. Aka buga sau biyu, yaron shago ya ɗaga ya ce mai ita ba ya nan. Ba su sake kira ba. Har yau in na tuna raina yakan sosu, don akwai sola a gidan maƙwabcinsu, da ya yi magana da an sa masa cajin a kusa. Daga ranar da ka tura takarda, daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyar na yamma, wayar ta kasance da caji, da kati, da data, kuma a kusa da kai. Baƙuwar lamba a wannan tsakani ba a ƙin ɗaukarta. In ka tarar an kira ba ka kusa, ka sa kati ka kira da kanka, ba a yi wa ofis filashin. Ka cire waƙar da ke tashi in an kira ka, ka dubi hoton da ke kan WhatsApp ɗinka da idon baƙo, ka riƙa leƙa imel safe da yamma har da akwatin tarkace, don saƙon gayyata yakan faɗa can.

2. A sayi littafi ɗaya na musamman. Duk inda ka nemi aiki, rubuta sunan wurin, da sunan muƙamin, da garin da aikin yake, da ranar da ka tura. Ka ɗauki hoton sanarwar kanta ka ajiye, domin a Jobberman ko LinkedIn ko shafin kamfanin, da zarar an rufe karɓa sau da yawa sanarwar takan ɓace. Mai neman aiki yakan tura takarda wurare 30 ko 40, kuma babu abin da ke saurin sanyaya gwiwar mai kira kamar ya faɗi sunan ma'aikatarsu a ce masa, "Wane aiki ke nan?"

3. In kiran ya same ka a cikin A Daidaita Sahu, ko tsakiyar kasuwa, ko wajen jana'iza, kada ka yi ta maza. Ka gaishe shi, ka ce ka ji daɗin kiran, kana wurin da ba za a ji ka da kyau ba, ka roƙi a ba ka minti 20 ko a sa wani lokaci a yau. Masu wannan aiki sun saba da haka. Amma ka rubuta sunansa da lokacin da kuka yi, kuma ka cika.

4. In an ba ka zaɓin lokaci, ka zaɓa da sanin gidanku da unguwarku. Kai ka san lokacin da lasifikar masallacin layinku ke tashi, ka san lokacin da yara ke dawowa daga makaranta. Tsakanin goma na safe da sha biyu ya fi kwanciyar hankali a yawancin gidaje, ranar Juma'a kuwa a kauce wa azahar. Sannan a kula da agogon wanda ya aiko da gayyatar. Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru agogonsu ɗaya. Accra da Dakar suna bayanmu da awa ɗaya. Nairobi, inda ƙungiyoyin agaji da yawa ke da ofis, tana gabanmu da awa biyu, haka ma Saudiyya, Dubai kuma da awa uku. Landan takan rikita mutane: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonta daidai yake da namu, sauran watannin tana bayanmu da awa ɗaya. In mutumin Nairobi ya ce ƙarfe sha ɗaya, a Kano ƙarfe tara ke nan. In ba a bayyana ba, ka tambaya agogon wace ƙasa ake nufi.

5. Nan ne aikin mutanen gida. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun ana gobe a zagaya gidan da waya a gano inda sabis ya fi ƙarfi. Wani gidan ɗakin Inna ne, wani zaure, wani kuma sai an hau bene. In layi biyu ne a wayar, a gwada kowanne ta hanyar kiran wani ɗan'uwa, a tambaye shi yadda murya ke fita. In ta Zoom ko Teams ko Google Meet za a yi, a sauke manhajar a gwada ta tun da wuri, ba saura minti biyar ba. In damina ce kuma rufin kwano ne ba silin, a nemi wani ɗaki na biyu, don ruwa in ya sauko ko mai kiran yana ihu ba za ka ji shi ba.

Iyaye mata, ku ne masu iko da wannan sa'a. A gaya wa yara tun da safe cewa Yaya yana da magana mai muhimmanci, a tura su gidan maƙwabta ko a ba su abin da zai zaunar da su. A ɗage daka da surfe. A sa wani a zaure ya tari mai sallama da almajiri da mai talla. A ɗaure akuya nesa da taga. In janareta na aiki, a cika caji da wuri a kashe shi, ko a rufe tagar da ke kallonsa. Baba kuma, Allah ya ƙara girma, a yi haƙuri da aike har a gama. Yaron da aka ƙwala wa kira yana tsakiyar amsa ba zai iya ƙin amsawa ba, kuma ba zai iya komawa inda ya tsaya ba.

Abu ɗaya da zan roƙa: kada kowa ya zauna a ɗakin. Ƙauna ce ke sa uwa ko yaya su so su ji, amma mai magana in yana ganin fuskar nasa, kunya takan riƙe masa harshe. A yi masa addu'a daga waje.

6. Gaisuwarmu doguwa ce, kuma abin alfahari ce, amma wannan kiran ba ya ɗaukarta. Gaisuwa ɗaya, cikakken sunanka, godiya, sai ka saurara. Ba a fara da "Wa ke magana?" balle "Wa ya ba ka lambata?" In bai faɗi sunansa ba, ka tambaya cikin ladabi ka rubuta. Ka wanke fuska, ka sa tufa mai kyau, ka zauna a kujera ko ka tsaya. Muryar wanda ke kwance a katifa ana gane ta.

7. Tambayar farko kusan kullum ita ce ka ba da labarin kanka, kuma a nan yaranmu suka fi zubewa. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, yaro mai tarbiyya ba ya cewa "na iya" a gaban babba. Sai a tambaye shi abin da ya ƙware a kai, ya ce, "To, muna dai ƙoƙari." A zaure wannan amsa ce ta ɗan mutunci. A waya kuwa, mutumin da bai san ka ba, bai san gidanku ba, ba ya ganin fuskarka, abin da zai rubuta shi ne ba ka da abin faɗa. Wani kuma yakan kauce ta ɗaya gefen, ya faro daga firamare da sunan kakansa, kafin ya iso jami'a rabin lokacin ya tafi.

Ni a ganina kunyar ba laifi ba ce, kuma ba sai an jefar da ita ba. Abin da ake so ka bambance shi ne kirari da shaida. In ka ce kai gwani ne, ka yi wa kanka kirari. In ka ce ka yi shekara biyu kana riƙe da lissafin shago ba a taɓa samun giɓi ba, shaida ka bayar, kuma faɗar gaskiyar abin da ya faru ba girman kai ba ne. Ka shirya magana ta minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi: abin da ka karanta da inda ka karanta, aikin da ka yi na baya-bayan nan, abu ɗaya ko biyu da ka iya waɗanda ke cikin sanarwarsu, sai dalilin da ya sa wannan aikin ka nema. Ka rubuta kanun maganar kawai a takarda, kada ka rubuta ta duka, don mai karantawa ana jin sa kamar mai labaran rediyo. Ka kuma rage "mun yi". In kai ka yi, ka ce "na yi".

8. Ka tanadi labarai uku na abin da ka taɓa yi da hannunka. Yara da yawa sukan ce ba su da gogewa, alhali gogewar tana nan, ba su ɗauke ta a bakin komai ba ne. Wanda ya tsare shagon mahaifinsa a Kantin Kwari ya san ciniki da bashi da fushin kwastoma. Wadda ta yi POS a bakin layi ta san haɗa lissafi da yamma da abin yi in kuɗi ya maƙale. Wanda ya koyar a Islamiyya ya iya riƙe aji na yara 60. Wadda ta bi gida-gida a aikin rigakafin shan inna ta san yadda ake shawo kan magidancin da ya ce ba a shiga. Wanda ya yi aikin zaɓe na wucin gadi da INEC lokacin bautar ƙasa ya san aiki cikin matsi da idon jama'a a kansa. Ƙungiyar agaji da ke neman ma'aikacin da zai shiga ƙauye, irin wannan take nema.

Kowane labari ya bi hanya ɗaya: halin da aka shiga, abin da aka ɗora maka, abin da ka yi, da yadda ta ƙare. A sa adadi in akwai, mutum nawa, naira nawa, kwana nawa. Ɗaya daga cikin ukun ya zama na ranar da ka yi kuskure ka gyara, don tambayar tana zuwa. Kuma kada ka manta da harsunanka. Hausa da Kanuri da Fulfulde da Larabci da Faransanci, ga mai aiki a Arewa ko yankin Tafkin Chadi, jari ne. Ka faɗe su, ka faɗi wanda kake iya rubutawa.

9. Takardu su kasance a gabanka, a buɗe: sibi ɗin da ka tura musu, sanarwar aikin, littafin nan, da biro biyu. Ka san shekarar da ka gama, da darajar sakamakonka, da watan da ka gama bautar ƙasa. In ka haura shekara 30 kafin ka kammala karatu aka ba ka takardar yafewa daga NYSC, ka faɗa kai tsaye. Ka dubi yadda aka rubuta sunanka da ranar haihuwarka a NIN da takardar WAEC ko NECO da ta jami'a. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhammadu a wata, wannan ya tsayar da mutane da yawa a matakin ƙarshe, gara ka san da shi ka fara gyara. In an tambayi dalilin da karatun shekara huɗu ya ci shida, ga gaskiya a fili: yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. In jinyar mahaifi ce ta zaunar da kai shekara guda, ko haihuwa ta zaunar da ke, a faɗa a jimla ɗaya a wuce. Kada a rage shekaru, kada a ƙara wurin aikin da ba a yi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma su masu kiran suna bincike.

10. Maganar kuɗi. Za a tambaye ka nawa kake sa rai, kuma "duk abin da kuka bayar" amsa ce da ke cutar da mai ita. Tun kafin ranar, a zauna a yi lissafi: kuɗin mota na wata, abinci, haya in garin ba naku ba ne, da abin da za a turo gida. Dubu 200 a Gusau a gidan iyaye daban, a Abuja ko Legas da haya a wuya daban. Ka tambayi wanda ke irin aikin abin da ake biya. Ka riƙe ma'auni biyu a ka: mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, alawus ɗin ɗan bautar ƙasa kuma 77,000. Ba laifi ka fara tambayar abin da suka ware wa muƙamin. In sun ce kai ka faɗa, ka ba da tsakani, daga kaza zuwa kaza, ƙasan ya zama abin da za ka iya rayuwa da shi. Sannan ka tambaya: adadin nan kafin a cire haraji da fansho ne, ko abin da zai shigo hannu? Dokar fansho ta 2014 ta sa a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, ga kuma haraji. Ka tambaya kuma na wata ne ko na shekara, don bankuna da manyan kamfanoni sukan faɗi na shekara, yaro ya yi ta murna kafin ya raba gida 12.

11. Akwai tambayoyin da amsarsu tana hannun gida, a yanke su tun kafin waya ta yi ƙara. Za ka iya zama a wani gari? Za ki iya tafiye-tafiye? Aikin dare fa, ko na Asabar? Yaushe za ka fara? Budurwa ta zauna da iyayenta, matar aure ta zauna da maigidanta, a yi maganar a fili da daddare cikin natsuwa. Maigida, in ka amince ka amince tun yanzu, in da sharaɗi ka faɗe shi tun yanzu, kada ta ce eh a waya ka warware bayan an ba ta takarda. In kana wani aikin, ka duba notis na kwana nawa ka yi alkawarin bayarwa. Kuma ko an zalunce ka a can, kada ka zagi tsohon wurinka. Ka ce kana neman inda za ka ƙaru.

12. Ba kowane mai kira ne mai aiki ba. Duk wanda ya ce a turo kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin asibiti, ko na ajiye gurbi, a kashe waya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana rubutawa a sanarwar ayyukanta cewa ba ta karɓar ko kwabo a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata. A kiran farko ba mai buƙatar BVN ɗinka, ko lambar katin ATM, ko lambar sirrin da banki ke turowa ta tes. Akwai masu cewa za su turo lamba shida ta shiga taron intabiyu, ka karanto musu. Lambar sirrin shiga WhatsApp ɗinka ce, da ka faɗa sun ƙwace shi, sai su bi 'yan'uwa suna roƙon kuɗi da sunanka. In an kira ka a kan aikin da babu shi a littafinka, ka yi hattara. In kuma an ce ka zo wani wuri, a bincika adireshin, a gaya wa mutanen gida, mace ta tafi da rakiya ko da mai rakiyar zai jira a waje. A watan Afrilun 2021 wata budurwa da ta gama Jami'ar Uyo ta fita zuwa intabiyun ƙarya a jihar Akwa Ibom, ba ta dawo da rai ba, kotu ta yanke wa wanda ya yaudare ta hukuncin kisa a 2022. Otal da gidan mutum ba wurin intabiyu ba ne. Haka nan in mai kira ya bar maganar aiki ya koma yabon muryarki, ki yi sallama ki ajiye.

13. A yi gwaji da baki, a waya, ba a zuci ba. Yaya ko Kawu ko wani malami a unguwa ya koma wani ɗaki ya buga, ya yi tambayoyin da harshen da za a yi kiran, Turanci a Nijeriya da Ghana, Faransanci a Nijar. A naɗi muryar a saurara. Sau uku ya isa a ji bambanci. Ba a neman ka yi magana kamar Bature, karin harshenka naka ne. Ana son ka yi a hankali, ka ƙarasa jimla, ka yi shiru in ka gama. In ba ka ji tambaya ba, ka ce a maimaita. In ba ka san abu ba, ka ce ba ka taɓa yi ba, ga makamancinsa da ka yi.

14. A ƙarshe za a ce ko kana da tambaya. Ka tanadi biyu: mene ne mataki na gaba kuma yaushe za a ji, sannan me ake so wanda aka ɗauka ya fara yi a watannin farko. Hutu da rancen mota su jira wani zama. In layi ya katse ana cikin magana, ka jira minti ɗaya ko biyu, in bai kira ba ka kira.

Da an ajiye waya, kafin ka fito tsakar gida, ka rubuta duk tambayoyin da aka yi maka da inda ka yi tuntuɓe, tun abin yana da zafi. In kana da imel ɗin mai kiran, ka tura masa godiya ta layi uku a ranar. Mutanen gida, tambaya ɗaya ta isa, "Yaya aka yi?", sai a kawo masa ruwa, kuma a bar maganar a cikin gida, kada ta zaga dangi tun ba a je ko'ina ba. In sun ce mako biyu, a yi wa ranar alama a kalandar falo. In ta cika ba labari, a tura saƙo ɗaya gajere na tuni, ba kira biyar ba, sannan a buɗe littafin a ga wace sanarwa ce ba a rufe ba tukuna.